Ƙwayar Toka da Baba Ya Sha

Tudun Wada, Daura.
Ranar Talata.

Zuwa ga ƙanwata Raihana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina miƙo miki gaisuwa mai tarin yawa, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Yazid da ɗiyata Ummukulsum. Yaya sanyin garin naku, yaya aiki, yaya kuma nauyin jiki? Allah Ya raba lafiya, Ya kawo mana mai albarka. Mu nan sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau bana, an shiga girbin gero, Munzali yana ta kai da kawowa tsakanin gida da gonar Baba ta hanyar Mai'adua, har ya yi baƙi ya rame. 'Yar'uwarmu Siddiƙa ta gama wankan jego lafiya a garin Babban Mutum, jaririn ya yi ɓul-ɓul, kowa ya gan shi sai ya ce goshinki ya ɗauko. Yarana suna makaranta, kullum sai sun tambaye ni yaushe Anti Raihana za ta sake zuwa.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna, mu da ba ma kwana biyu ba mu yi waya ba. Na ɗauki wayar nan na ajiye ya fi a ƙirga, domin na san ina buɗe baki kuka zai riga magana fita. Shi ya sa na nemi takarda na zauna, in na gama zan ɗauki hotonta in turo miki. Kafin komai ki kwantar da hankalinki, Baba yana raye, yana gida, yana cin abinci. Na fara da wannan ne don ki iya karanta sauran a zaune. Zuwan da aka ce miki ya yi Katsina ganin likita, ba da ƙafarsa ya je ba. Ranga-ranga aka kai shi, kuma mun ga abin da har yau in na tuna sai in ji jikina ya mutu. Inna ce ta hana a gaya miki saboda halin da kike ciki. Yanzu kuwa Baba da bakinsa ya ce in rubuto miki komai, kada in rage ko in gyara masa.

Maganar daga Toka ta faro. Kin tuna zuwanki Babbar Sallah, da kika ga magen nan ta Baba ta rame, ba ta da aiki sai shan ruwa, tana tafiya tana jan ƙafafun baya, tururuwa na taruwa duk inda ta yi fitsari. Kika ɗauko na'urar gwajin sugan Baba, kika ɗan huda gefen kunnenta, kika ce mana ciwon suga ne ya kama ta. Gidan nan kaf muka yi ta dariya, don ba mu taɓa jin mage da ciwon suga ba, Munzali har yana cewa wataƙila shayin Baba take shanyewa in ya juya baya. Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Kin san yadda yake ji da ita tun ranar da ta shigo zaure tana 'yar mitsitsiya ta raba littattafansa da ɓeraye. A gefen buzunsa take kwanciya yana ba da karatu, manyan ɗalibansa ma sun san ba a ce mata kyas. Da kika koma bakin aikinki a asibitin dabbobi can Amurka kika aiko da ƙwayoyin nan ta hannun matar da ta zo ganin gida, kika yi ta nanata mana a waya cewa guda ɗaya ce kullum a cikin abinci, na mage ne kaɗai, a ɗora kwalbar can sama inda hannun yara ba zai kai ba. Yara muka yi ta tsarewa, Raihana. Babu wanda ya kawo Baba a ransa.

Maganin kuwa ya karɓe ta, ke ma kin ga hotunan da muke turo miki. Kafin a je ko'ina ta mayar da jikinta, gashinta ya kwanta, ta daina kwana a bakin randa. Mutanen unguwa har leƙowa suke yi su ga magen da ake ba maganin Amurka. Baba da kansa yake cusa ƙwayar cikin ɗan busasshen kifi ya ba ta bayan ya dawo sallar asuba, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Shi kuma a nasa ɓangaren kin san shekarun nan da likita ya mayar da shi kan allurar insulin, safe da yamma. Inna ce ke yi masa, ita ke adana kwalaben cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi saboda rashin wuta. Cikinsa da cinyoyinsa duk sun yi baƙi sun yi gudaji, wani lokaci sai Inna ta daɗe tana laluben inda za ta soka. Bai taɓa yin ƙorafi a gabanmu ba. Sau ɗaya dai, wata la'asar ina zaune a tsakar gida, Toka ta yi tsalle ɗaya ta ɗare katanga, sai ya bi ta da kallo ya ce, "Ikon Allah, mage ta sha ƙwaya ta miƙe, ɗan Adam kuma kullum sai an huda shi kamar buhu." Na ɗauka raha ce, na yi dariya na wuce.

Da Siddiƙa ta haihu Inna ta shirya tafiya Babban Mutum don ta zauna da ita. Hankalinta bai kwanta da barin allurar ba, ta ce Munzali ya riƙa yi masa, ko ni in riƙa biyowa kafin in wuce makaranta. Baba ya ce a'a, shi ba yaro ba ne, ya ga yadda ake yi shekara da shekaru, kuma ba zai riƙa ɗage riga gaban 'ya'yansa ba. A gaban Inna ya zuƙi maganin ya yi wa kansa, hannunsa ko rawa bai yi ba, ta tafi tana sa masa albarka. Ashe allurar da ya yi a gabanta ita ce ta ƙarshe. Tun daga washegari ya daina taɓa tukunyar nan, ya koma haɗiye ƙwayar Toka, ita kuma ya ba ta kifinta babu komai a ciki.

Abin da ya rufe mana ido shi ne na'urar. Duk ranar da na biya gaishe shi sai ya ɗauko ta da murna, ya huda yatsa a gabana, ya nuna mini lamba mai kyau irin wadda ba mu saba gani a wurinsa ba. Ya ce in gaya wa Inna ta yi zamanta, ya fi ta iya allura. Na yi ta hamdala. Na ga dai yana faɗawa, idanunsa sun zurma, buta ba ta rabuwa da hannunsa saboda yawan zagayawa, amma na ce ai na'ura ba ta ƙarya, wataƙila zafin ƙarshen damina ne. Madina matar Munzali ce ta fara cewa Toka fa ta koma gidan jiya, ga ta can kullum a bakin randa, ƙafafun sun fara ja. Ta gaya wa Baba, ya ce a bar ta, zafi ne ke damun ta. Ta ce ko a kira Raihana a tambaya, ya ce kada wanda ya tayar miki da hankali kan mage alhali kina fama da kanki. Magana mai ma'ana ce, aka bar zancen.

Ranar da abin ya faru ina aji da hantsi Madina ta kira ni, ko sallama babu, sai ihu take in zo Baba. Ban san yadda na fita daga makarantar ba, takalmina ɗaya ma a can na baro shi. Na tarar da shi kwance a zaure gefen littattafansa, ya yi amai har ya gaji, yana wani irin numfashi mai zurfi da sauri kamar wanda ya yi gudu daga kasuwa. Bakinsa ya bushe ƙamas, wani wari na fita daga numfashinsa kamar na ruɓaɓɓen mangwaro. Ina kiran sa yana buɗe ido amma bai san ni ba, sunan Baffa Maliki yake kira, wansa da ya rasu tuntuni. Ɗaliban da suka zo karatu suna tsaye cirko-cirko, dattawa da gemunsu, kowa ya rasa abin yi. Na fizgo na'urar na gwada shi, sai ga lamba ba ta yi wani hawa ba. Nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Na ce to in ba suga ba ne mene ne wannan? Munzali ya iso daga gona da ƙasa a ƙafarsa, maƙwabci ya kawo mota, aka kinkime shi sai asibiti.

Wata likita matashiya muka samu, Allah Ya saka mata da alheri. Ta sa aka ɗaura masa ƙarin ruwa nan take, ta gwada jini da fitsari, ta dawo tana juya takardar a hannunta. Ta ce duk alamun da take gani na mai sugan da ya daɗe bai sami allura ba ne, amma sugan jininsa bai kai inda ya kamata ya kai ba in haka ne. Ta tambaye mu ko yana shan wani abu bayan allurar, na asibiti ko na gargajiya. Muka rantse mata babu. Ana cikin haka Inna ta iso, don tun a hanya Munzali ya kira ta, ɗan acaɓa ya ɗauko ta tun daga Babban Mutum. Ta fara biyawa gida ta ɗauko kwalaben allurar don a nuna wa likita. Ta shigo riƙe da su a gefen mayafi, fuskarta ba jini, ta ce mini, "Zubaida, yadda na bar su haka na same su." Muka tsaya muna kallon juna. Mutumin da kullum yake ce mini ya yi allura, ga kwalabe cike.

Malam Badaru ne ya warware mana, kuma bai san ya warware ba. Kin san shi, aminin Baba tun suna samari, wanda kullum bayan la'asar yana zaurenmu, shi ma yana fama da sugan amma nasa na ƙwaya ne. Yana jin labari ya biyo mu asibiti. Yana tsaye a bakin ƙofa yana jajanta wa Inna, sai ya ce cikin alhini, ko dai maganin nan na Amurka ne bai karɓi Malam ba? Don shi ma tun da ya fara sha fitsari ya hana shi sakat. Likitar ta juyo da sauri ta ce wane magani? Ya ce ai wanda Raihana ta aiko wa mahaifinta, sabon fitowa, mai raba mutum da allura. Baba ya ɗan ɗiba masa a takarda saboda zumunci, ya ce kada ya gaya wa kowa don ba shi da yawa. Har ya laluba aljihu ya fito da ƙullin takardar ya buɗe. Raihana, ina ganin ƙwayoyin na gane su. Munzali ya fita da gudu. Ya dawo da kwalbar, a bayan littattafai ya same ta, saura 'yan kaɗan a gindi, ga hoton mage ɓaro-ɓaro a jikinta.

Likitar ta karanta jikin kwalbar, ta duba wayarta, ta yi salati a hankali. Ta yi mana bayani, ke kin fi ni sanin sa. Ta ce ƙwayar ba ta yin aikin allura ko kaɗan, abin da take yi kawai ta kori suga ya fita ta fitsari, shi ya sa na'ura ke nuna lamba mai daɗi. Jikin da ya dogara da allura kuwa, in aka yanke masa ita, sai ya koma cin kitsen kansa, daga nan wani tsami mai guba ya taru a jini har ya kai mutum ga halin da Baba yake ciki. Ta ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da wani zancen ake yi. Tana cikin magana Malam Badaru ya miƙa hannu ya karɓi kwalbar. Ya kawo ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake kawo ta. Ya tambayi Munzali wannan hoton mene ne. Munzali ya sunkuyar da kai ya ce masa maganin Toka ne, magen Baba. Ban taɓa ganin dattijo ya canza kama a gabana irin haka ba. Ya cire hularsa, ya zauna daɓas a ƙasan barandar asibiti, yana ta maimaita innalillahi. Can ya ce shi ya sa yake jin ƙarni-ƙarni in ya tauna, ya ɗauka haka maganin Turawa yake. Likitar ta sa aka gwada shi, ta ce Allah Ya taimake shi bai bar nasa maganin ba kuma shi ba mai allura ba ne, ruwan jikinsa ne kawai ya yi ƙasa. Ya saurara har ta gama, ya mayar da hularsa, ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Kafin la'asar aka tura mu babban asibiti a Katsina, ni da Inna a bayan mota, Inna ta riƙe ledar ƙarin ruwan tana addu'a har muka isa. Kwanakin farko ba na son tuna su. Robobi a hannu biyu, ana ɗibar jini ba ƙaƙƙautawa, shi kuma bai san inda yake ba. Kina kira muna fita waje muna gyara murya. Muna can Toka ta kwanta a gida ta daina cin komai. Munzali ya naɗe ta a tsumma ya kai ta wurin likitan dabbobi, mutumin da ya fi sabawa da shanu da tumaki, amma ya yi iya ƙoƙarinsa, ya sa mata ruwa a ƙarƙashin fata, ya ce an makara. Washegari da safe Madina ta same ta a zaure a kan buzun Baba ta riga ta sandare. Munzali ya haƙa rami a gindin darbejiyar bayan gida ya binne ta. Ya ce mini a waya shi da yake mata dariya, sai ga shi yana share hawaye a gaban matarsa.

Da Baba ya dawo hayyacinsa, wata safiya Inna ta fita neman ruwan zafi, daga ni sai shi. Abin da ya fara tambaya shi ne wa yake ba Toka abinci. Na so in yi masa kwana-kwana, ya kafe ni da ido, na faɗa masa gaskiya. Ya juya fuskarsa bango ya daɗe. Da ya juyo ban tambaye shi komai ba, shi ya fara. Ya ce kada mu ce rashin sani ne, ya san na mage ne, ya ji duk gargaɗin da kika yi. Abin da idonsa ya gani ne ya rinjaye shi, dabbar da ke jan ƙafa ta tashi ta hau katanga. Ya ce akwai abin da bai gaya wa kowa ba, har Inna. Tun bara ƙafafunsa suka fara mutuwa, in ya tsaya sallah ba ya jin tabarma a ƙarƙashinsa, ranar nan takalminsa ya zame a hanyar masallaci bai sani ba sai da wani ya biyo shi da shi. Kuma ya ga yadda aka yanke ƙafar Baffa Maliki kafin ya rasu, shi ya yi jinyarsa. Ya ce da farko niyyarsa ya gwada na kwana biyu ya mayar mata da abinta. Da ya ga lambar da na'ura ta nuna sai ya ɗauka Allah ne Ya kawo masa sauƙi ta hannun 'yarsa, kullum sai ya ce gobe zai ba ta, goben ba ta zo ba. Malam Badaru kuwa don ƙauna ya ɗiba masa, ya ɓoye masa asalin maganin don ya san ba zai karɓa ba. Sai muryarsa ta karye ya ce, "Kowace safiya takan zo ta zauna a gabana tana jira. In ba ta kifin babu komai a ciki, ta cinye, ta lashe mini hannu." Ya ce shi da ya yi shekaru yana karantar da mutane haƙƙin dabba a kan mai ita, ga abin da ya aikata. Raihana, tun da nake ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, ko a rasuwar Baffa ban gani ba. Na riƙe hannunsa har Inna ta dawo.

An sallame mu ya dawo gida, jama'a suka yi ta zuwa dubiya, zaure ya cika ya batse. Mutum ɗaya ne bai zo ba. Ashe labari ya zaga unguwa, ban san bakin da ya fitar da shi ba, har wasu marasa kunya a teburin mai shayi suna kukan mage in Malam Badaru ya zo wucewa. Dattijo mai jikoki. Ya daina fita, ya canza masallaci. Da Baba ya ji haka bai ci abincin rana ba. Shekaranjiya bayan la'asar ya ce a miƙo masa sandarsa. Inna ta ce jikinsa bai yi ƙwari ba, a kai shi a mota, ya ce da ƙafa zai je, kowa ya gan shi. Munzali ya riƙe masa hannu, ni kuma na bi su a baya na shige cikin gida wurin iyalin Malam Badaru, na tsaya a bayan ƙofar zaure ina jin su. An shimfiɗa wa Baba tabarma ya ƙi zama. A tsaye ya ce ya zo neman gafara, ya cuce shi, ya jefa ransa cikin haɗari, ya jawo masa abin kunya a gari, ba shi da hujja ko ɗaya. Malam Badaru ya ce shi ba ƙwayar ce ta ƙona masa rai ba, ba kuma 'yan teburin shayi ba. Ya ce, "Malam, da ka ce mini na mage ne, wataƙila da na yi maka faɗa, wataƙila kuma da na sha duk da haka tunda daga hannunka ya fito. Amma ka bar ni na ji a bakin yaro, a gaban mata." Baba ya ce haka ne. Sai Malam Badaru ya tambaya ina magen take yanzu. Baba ya ce ta mutu. Ya ja innalillahi mai tsawo, ya ce baiwar Allah, ita ce ba ta ci ba ba ta sha ba. Daga nan na ji ya ce wa Baba ya zauna mana, ko so yake ya sake faɗuwa a zauren mutane a ce shi ya rama. Jiya da la'asar ya dawo zaurenmu, ya zauna a wurinsa na da. Da lokacin allurar yamma ya yi ya ce ba zai tafi ba sai an yi a gabansa, Baba ya ɗage riga Inna ta yi masa.

To kin ji abin da ya faru. Ina roƙon ki don Allah kada ki ɗora wa kanki laifi, alheri kika yi, kuma kin yi gargaɗi iya gargaɗi. Maganar ƙafafun mun gaya wa likitocin Katsina, sun duba sun ce ba a makara ba in aka kiyaye, sun ba mu ranar komawa. Sauran ƙwayoyin likitar nan ta karɓe su. Saƙon Baba gare ki shi ne ki yafe masa, wai kin ba shi amanar majinyaciyarki ya ci. Na ce masa ya faɗa miki da kansa, ya ce ya iya tsayawa gaban Malam Badaru amma bai san ta inda zai fara da ke ba.

Inna tana gaishe ki ƙwarai, ta ce ki riƙa hutawa, ki rage tsayuwa a wurin aiki. Munzali da Madina suna gaisuwa, haka Siddiƙa da maigidanta, da Goggo Adama da ta zo dubiya daga Kongolam ta ƙi tafiya har yau. Maigidana yana gaida Malam Yazid. Ki shafa mini kan Ummukulsum, ki ce mata Kaka yana samun sauƙi. Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ki kira shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zan kasance a gidan in miƙa masa wayar. Ki gaishe shi kamar yadda kika saba, kada ki tambayi suga, kada ki ambaci Toka. Ki bar shi ya kawo maganar da kansa. In kin ji shiru ya yi tsawo kada ki kashe, ba layi ba ne ya katse.

Wassalam.

Yayarki,
Zubaida.